Hannun Da Ya Koma

Hawa na shida, Yaba, ranar Talata.
Janareta na gunaguni a ƙasa,
ni kuwa ina sama, ina zana gobe a farin allo.
Na ce daga watan gobe
duk kuɗin da zai bi ta manhajarmu
sai ya taɓa yanar gizo kafin ya zauna.
Tsohon tsarin da ke riƙe lissafi a waya
har sabis ya dawo, mu binne shi,
masu zuba jari sun ce kaya ne.

Akwai tambaya?
Na faɗa ina rufe bakin alƙalami,
tayin wanda ya riga ya suɗe kwano.

Folarin ya dubi agogo.
Obiageli ta goge tabarau.
Can ƙarshen tebur, gefen tagar da ba ta buɗuwa,
hannun Zulai ya tashi,
ya kai kafaɗa,
ya tsaya,
ya koma yana gyara mayafi.
Na gani. Wallahi na gani.
Na ce madalla, baki ya zo ɗaya.

Ni na manta, su ba su manta ba,
abin da na yi wa Ɗanlami bara
da ya ce ginshiƙin nan ba zai ɗauka ba.
Dariya na yi a gaban jama'a,
na ce mai tsoron ruwa me ya kawo shi Ikko?
Bai cika wata biyu ba ya ajiye katin shiga.

Sai ga wata asuba a kasuwar Mil Sha Biyu,
motocin gwari sun iso cikin ruwan sama,
sabis ya ɗauke a ƙarƙashin rumfunan kwano.
Mai saye da kuɗinsa, mai sayarwa da kwandonsa,
tsakaninsu wata 'yar ƙawanya
tana ta juyi a fuskar waya.
Tumatir bai san jira ba.
Kafin azahar ya fara hawaye.

A matakala na tare ta.
Ta ce, Babana na sayar da albasa a can,
shekara ashirin da biyu.
A layinsu sai ka fita bakin kwata,
ka ɗaga waya sama kamar mai addu'a.
Na ce, me ya hana ki faɗa?
Ta dubi takalminta, sannan ta dube ni.
Oga, na ga inda gaskiya ta kai Ɗanlami,
kuma mai gidan hayata a Agege
ba ya karɓar gaskiya a ƙarshen wata.

Yanzu ni ne na ƙarshen magana.
Nakan buɗe taro da kuskurena na wannan mako,
da sunansa, da abin da ya ci.
Alƙalamin yana tsakiyar tebur, baki buɗe.
In na yi tambaya sai in ƙirga ashirin a zuci,
shirun yana cizo kamar cinnaku,
ba na kore shi.

Kada wani ya ce maka da daɗi.
Shekaranjiya Folarin ya kwance min tsari
zare bayan zare, a gaban sabbin yara.
Kunnuwana suka yi zafi.
Na ce na gode, muryata kamar ta aro.
A kan doguwar gada, cikin cunkoso,
na yi ta gardama da shi ni kaɗai a mota,
'yan talla na leƙe ta gilashi.
Kafin Oworo na gane rabin maganarsa daidai ne.
Ɗaya rabin, gobe ma rana ce.

Na kira Ɗanlami sau uku.
Tana shiga, ba ya ɗauka.
Kujerarsa tana nan gefen taga,
kuma na sa kafinta ya buɗe tagar.